Kwalbar Malam

Shugabar Sashe ta tura ƙofar baya ta babban ɗakin lacca a hankali, ta lallaɓa ta zauna a bencin ƙarshe. Ɗalibai ɗari shida ne a ɗakin da aka gina don ɗari uku, wasu a kan matakala, wasu sun maƙale a taga. Cikin fanka goma sha biyu, biyu ne ke juyawa, su ma don kada a ce ba su yi ba.

A jakarta akwai takarda mai layi huɗu da ba ta sa wa hannu ba tukuna. Takardar ta ce daga yau an karɓe wannan kwas daga hannun Farfesa saboda rashin lafiya. Shugaban Tsangaya kuwa, wanda ke gaba da ita a jami'ar, ya ce kafin ƙarfe huɗu yake son ganin takardar a kan teburinsa.

Shekaranjiya ne wakiliyar aji ta same ta a ofis, ta tsaya tana murza yatsu.

"Malama, ba ƙara muka kawo ba. Wallahi muna son Baba. Amma mako biyar ke nan darasi ɗaya yake yi mana, na kwalba. Ga jarrabawa saura wata guda."

"Ba wanda ya gaya masa?"

"Wa zai iya? Mu dai rubutawa muke yi. Ni sau biyar yake a littafina."

Yanzu ga shi can a kan dandamali, dogon tsoho mai farin kai, ya ɗaga kwalba mai faɗin baki da aka cika da ƙasa da ruwa. Ya girgiza ta da hannu biyu har ruwan ya koma ja, ya dire ta a kan tebur.

"Ku zuba ido," in ji shi. "Yashi ba shi da haƙuri, minti ɗaya ya kwanta. Laka sai ta ja awa biyu. Yumɓu kuwa babban ma'aikacin gwamnati ne, sai an bi shi kwana da kwanaki kafin ya zauna."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Karo na shida ke nan suna jin wannan barkwancin, amma suka yi masa dariya daidai inda ya tsaya yana jira. Wannan dariyar ta fi komai yi wa Shugabar Sashe ciwo. Ita ma ta yi ta a wannan ɗakin shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin tana zama a bencin gaba.

"Mako mai zuwa yumɓu zai kwanta," ya ci gaba, "mu auna da rula, mu shiga darasi na biyu." Sai ya kare ido da hannu. "Wa nake gani can baya? Uwar Tambaya! Yau ke ce a ƙarshen aji?"

Kawuna ɗari shida suka juyo. Ta miƙe tsaye, don ba ta san yadda ake amsa wa mutumin nan a zaune ba.

"Gaya musu abin da ya sa yumɓu ke daɗewa."

"Ƙwayoyinsa ƙanana ne, Malam. Ba su da nauyi, ruwa ke riƙe su."

"Kun ji ko? Yarinyar nan za ta yi nisa."

Ba wanda ya yi dariya. Wata ɗaliba a kusa da ita ta sunkuyar da kai tana share ido.

Da aka tashi, ita ta ɗauko masa kwalbar zuwa ofishinsa, kamar yadda ta saba a da. Ofishin yana nan yadda ta san shi: ledojin ƙasa jere a kan kanta, kowace da takardar da ke faɗin inda aka ɗebo ta, da hoton marigayiya matarsa a jikin bango. A kan kujerar da ke bakin ƙofa ya taɓa zama awa biyu riƙe da jaririnta, ranar da ta shiga kare digirinta na biyu ba ta da mai raino. Jaririn nan yanzu har gemu ya ajiye.

Ta yi masa ya jiki, ta yi masa ya gida, ta koma ta sake yi masa ya jiki.

"Fito da ita," ya ce.

"Me, Malam?"

"Takardar. Ni ma na riƙe kujerar nan taki shekara shida. Na san tafiyar wanda ya ɗauko takarda."

Ta buɗe jakarta. Ta ciro ta, ta ajiye a gabansa. Ya sa tabarau ya karanta a natse, har da gyaɗa kai, kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Malam, dama ka sani?"

"Ba kullum ba. Amma na sani." Ya cire tabarau. "Duk ranar lacca da safe ina buɗe littafina a darasi na biyu. Rubutuna ne, amma sai in ga kamar wani ne ya yi. In haddace, in haddace, ina hawa dandamali sai ya zube. Na kwalbar nan kaɗai ne bai gudu ba. Sai in ce to, bari in ba su abin da ya rage mini."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ke me ya hana ki zuwa sai yau? Ai ba wannan makon kika fara ji ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun mako na uku maganar ta iso kunnenta, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Kunya ta hana ni, kunya ta hana ki," in ji shi, "yaran mutane ne a tsakiya. Ungo biro."

Da bironsa ta sa hannu. Sa hannun ya fito kamar ba nata ba.

"Wa zai karɓi kwas ɗin?" in ji shi.

"Ni, Malam."

"Madalla." Ya turo mata kwalbar a hankali. "To don Allah kada ki girgiza. Ki bar shi ya kwanta. Sau shida ina yi musu alkawari."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Autarsa ce, wadda ke kawo shi tana mai da shi, da makullin mota a hannunta.

"Sannu, Anti. Baba, mu tafi, ka sha magani."

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai ya waiwayo, ya ga kwalbar a hannun Shugabar Sashe. Fuskarsa ta washe, irin washewar ɗazu a kan dandamali.

"Uwar Tambaya, ina za ki kai mini kwalba? Ina da lacca mako mai zuwa."

Autar ta dubi ƙasa. Shugabar Sashe ta gyara riƙon kwalbar.

"Ni zan kai maka ita aji, Malam."

"Yauwa. Ki zauna a gaba, ban son zaman bayan nan."

"To, Malam."

Ta tsaya tana jin takunsu har ya ɓace. Ƙarfe huɗu saura minti goma, ofishin Shugaban Tsangaya kuma yana hawa na uku a wani ginin. Ta mai da takardar cikin jaka, ta rataya, ta tallabi kwalbar da hannu biyu, ta fita tana taka matakala ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi sauri ba.