Katanga ko Hannu

Yayana Narahari ya yi wa kansa jana'iza da ransa da lafiyarsa. Ina yarinya lokacin, amma na gani da idona. Ya shiga kogin Tungabhadra, aka aske masa kai, ya jefa zaren ibada na wuyansa a ruwa, ya fito da mayafi ruwan goro da sabon suna. Haka ake yi in mutum zai bar duniya ya bi hanyar yoga. Daga ranar ba shi da uwa, ba shi da gida.

Tun daga nan tambaya ɗaya ta hana Awwa, mahaifiyarmu, sakat: ɗanta yana raye ko ya mutu? Malamin ibada ya ce a wajen dangi dai mamaci ne. Saboda haka duk shekara, ranar ciyar da magabata, sai ta cura shinkafa biyu ta ɗora a katanga don hankaki, da aka ce su ke ci a madadin matattu, ɗaya ta marigayi Baba, ɗaya ta Narahari. Ta Baba takan bar su su cinye. Ta Narahari kuwa sai ta tsaya kanta da tsintsiya, duk hankakan da ya matso ya sha duka.

"Awwa, in ba za su ci ba, me ya sa kike ajiyewa?"

"Ke Tunga, bakinki ya fiye ƙaiƙayi. Ajiyewa aka ce in yi, ba a ce in bari a ci ba."

Shi kuwa mamacin namu yawo yake ta yi a jirgin sama. Yau a ce yana Jamus, gobe Amurka. Hotonsa ma mun gani a jarida, kai a ƙasa ƙafafu a sama, Turawa jere a bayansa duk sun kife. Awwa ta juya jaridar don ta ga fuskarsa daidai, ta ce ya rame.

Bayan shekara talatin da wani abu sai ga shi a garinmu da mabiyansa. Gari ya taru a ƙofarmu, kowa na son ya ga tsakanin uwa da ɗa wa zai taɓa ƙafar wa don girmamawa. Ni ma, ban ɓoye ba, gulmar ce ta fi cina.

Awwa ba ta ko tashi ba. Tana zaune a tsakar gida da tukunyar shinkafa da kindirmo, tana ƙare wa Turawan kallo.

"Wai me kake koya musu ne?"

"Numfashi, baiwar Allah. Da zama a ƙasa," in ji shi.

Baiwar Allah! Na ji kalmar har cikin haƙorina.

"A ƙasarsu ba sa numfashi sai da ka je?" Ta nuna wata doguwa da haɓa. "Waccan tana da uwa?"

"Tana da ita."

"To ita ma binne kanta ta yi kafin ta iya zama a ƙasa?"



Awwa ta sa hannu a tukunya ta cura shinkafa, irin curin da take ɗora mana a tafin hannu muna yara, irin wanda kuma take ɗorawa a katanga. Ai kuwa sai ga hankaka ya sauka, don sun san gidan.

"Swamiji," ta ce, da sunan da baƙi ke kiransa, "na tsufa, ba na iya ɗaga tsintsiya. Duk shekarun nan ina tsare maka wannan. Faɗa mini inda zan ajiye, katanga ko hannu?"

Tausayinta ya kama ni. Ya dubi mabiyansa, ya dubi mayafinsa, ya daɗe yana duban hankakan. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya ɗora hannun dama a kan na hagu ya miƙa.

"Kin sa gishiri, Awwa?"

"Ci ka ji, ɗan nema."

Ta dangwala masa a tafi. Ganin haka Turawan nan duk suka zube suka miƙo hannu, sun ɗauka darasi ne. Awwa ta ce in ɗora wata tukunyar, waɗannan ma da ganinsu an daɗe ba a ba su a hannu ba.

Da ranar magabata ta zagayo, curi ɗaya ta ɗora a katanga, ta ce in kai tsintsiyar ɗaki.