Kwandalar da ba a taɓa ba

Tsohon mai gyaran agogon nan fitinanne ne a kan tsofaffin kuɗinsa, kowa a gidan ya sani. Tun yana saurayi yake tara kwandaloli na ƙasashe daban-daban, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a taɓawa. Wai gumin hannu yana cin ƙarfe. Shi kansa sai da safar hannu da hantsaki yake ɗauka, ya duba da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, sannan ya rufe kowace a gidanta na roba, ya liƙe da gam ruf. Haka ya cika akwati guda.

Sai ciwon ido ya zo ya yi masa ƙarƙaf. Ya rufe shago, ya dawo kan kujerar falo. Da hantsi yakan sa a ajiye masa akwatin a cinya, ya yi ta lalube. To me zai ji? Roba ce, sumul, kowace irin 'yar'uwarta. Abin ya ishe shi, ya gaji da zaman, ya gaji da kansa.

Akwai wadda ya fi so, 'yar ƙarama mai hoton tsuntsu a kan reshe. Ita yake so ya sake sani ko da da yatsa ne, tunda ido ya tafi.

Ran nan autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta fito da jaka a kafaɗa tana neman makulli.

"Auta, zo ki fasa mini ɗaya."

Ta tsaya cak. "Baba, in fasa? Ni da ko ƙurar akwatin ba a yarda in goge ba?"

"Ke dai nemo mai tsuntsu. Surutun ya isa."

Ta duba agogo, ta yi ajiyar zuciya, ta durƙusa. Tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken taga.

"Masu tsuntsu ai da yawa, Baba. Ga mai buɗe fiffike, ga mai dogon wuya."

"A kan reshe yake. Ƙarami."

"Ba ka rubuta komai a jiki ba?"

"Rubutun me? A da ai ina da ido."

Ta ware guda, ta ɗauko filaya a durowar kayan aikinsa. Gam ɗin nan kuwa ya yi aikinsa, sai da ta haɗa da cije leɓe kafin robar ta tsage. Ta juye masa a tafin hannu.

Sanyinta ya fara ba shi mamaki, sannan rashin nauyinta. Ashe haka take? Ya goga babban yatsa a kai, a hankali, ya juya, ya sake gogawa. 'Yan tudu ne da kwari kawai. Idonsa ya san kowane gashin tsuntsun nan, amma yatsan baƙo ne, bai taɓa zuwa wurin ba. Da ya sani, wallahi da ya bar gumin ya ci abin da zai ci.

"Ita ce?" Auta ta tambaya. Yana jin ƙarar makulli a hannunta, ta makara.

"Ita ce," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Je ki, kar mai kanti ya yi faɗa."

Ta share ɓaraguzan robar, ta ja ƙofa.

Ya zauna da kwandalar a hannu yana juya ta. Ko ita ce, ko wata ce, bai sani ba. Ko gefen da tsuntsun yake ma ya kasa ganewa.