Askar Kaka

Yaƙubu ya sake matsa lemun tsami a kan askar, ya barbaɗa toka, ya ci gaba da gogawa da tsumma. Tun hantsi yake zaune a rumfar Maiguwa maƙeri, a bakin kasuwar Azarori, tsatsa tana fita jawur tana ɓata masa gwiwar wando.

"Wanzam, bar ta ta huta," in ji Maiguwa, yana jan zugazugi. "Tsohuwa ce irinka. In ka cika gugar ta, ba abin da za ya saura sai ƙashi."

"Kai dai sa mini ƙusa ga mariƙi, ka rage surutu."

Aska ce mai naɗewa, mariƙinta na ƙashi, mahaifinsa ya zo da ita daga aikin sojan Faransa. Da ita aka yi wa Yaƙubu askin suna, da ita shi ma ya yi wa 'ya'yansa. Gobe kuma sunan jikansa. Uban jaririn, Abdulmajid, yana Abijan wajen bida, neman kuɗi, ya aiko da murya ta salula: "Baba, kar a sa wa ɗana lam, rezar nan ta kanti. Da askar kaka, kuma da hannunka." Delu, matar Yaƙubu, ta yi ta kunna wa 'yan barka muryar, har unguwa duka ta haddace.

Shekarun baya, da ya rataye zabirarsa ta wanzanci, ce wa mutane ya yi aska ta lalace, kuma samari masu tondoz, injin aski, sun ƙwace sana'a. Ba wanda ya musa, don gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: hannunsa na dama ya fara rawa. Shi ya sa carbi ba ya barin hannun, domin mai jan carbi ba a lura da yatsunsa.

Da ya ciro askar da safe, fatansa a ce tsatsa ta ci ta har zuciya. Da ya huta, don ba a tuhumar wanzami idan ƙarfe ya mutu. Amma ƙarfen na kirki ne, yana gogawa yana fitowa fari. Ya so ya yi aikin ganin ido ya tashi, sai ya tarar bai iya ba. Ba haka aka koya masa ba.

Maiguwa ya daddaka sabuwar ƙusa, aska ta buɗe ta rufe ba lilo. Yaƙubu ya jiƙa dutse, ya kwantar da bakinta, ya tura, ya juya, ya jawo. Abin mamaki, a kan dutsen hannun ya natsu. Ya goga ta a fata har ƙararta ta yi laushi, sannan ya ɗora ta a damtsensa. Gashi ya zube ba tare da ya ji ta taɓa shi ba.

Ya dubi hannunsa. Wataƙila aiki hannun yake kewa.

Maiguwa ya cire hula, ya tsuguna a gabansa. "Ga kai, gwada. In kunne za ka yanke, yanke na hagu, nan ne matata take zama."

Yaƙubu ya shafa masa ruwa da sabulu, ya yi bisimilla. Daga goshi zuwa tsakiyar kai aska ta tafi sumul, har ya fara ƙunƙunin waƙar da mahaifinsa yake yi in yana aski. Da ya zo bayan kunne, inda ba abin dogara sai iska, hannun ya zabura shi kaɗai.

Jini ya gangaro cikin kumfa.

Maiguwa ya shafa wurin, ya dubi yatsunsa. "Sauro ne," ya ce. Sai ya waiwayo, ya ga askar tana kaɗawa a hannun abokinsa kamar ganye. Bai ƙara dariya ba.

"Ni kaina ya sha rana, ya zama ƙwarya," ya ce a hankali. "Na jariri hwa? Ka san maɗiga."

"Ni za ka koya ma maɗiga?"

"To ba Nazir ita, yaron nan mai tondoz. Hannunai bai rawa. Askar kaka ta taɓa kan jika, magana ta ƙare."

"In aska na da kaifi, ni ko ina zaune bisa tabarma ina kallo, mi mutane za su ce ya lalace?"

Maiguwa ya ɗauki tsumma, ya danne bayan kunnensa.

Yaƙubu ya wanke askar, ya share ta, ya daɗe yana kallonta. Bai taɓa ganin ta yi kyau haka ba, ko a hannun mahaifinsa. Ya tuna maɗigar jaririn, yadda take bugawa a ƙarƙashin gashi. Ya tuna kuma dattawan ƙofar masallaci, da irin tausayin da suke yi wa wanda ya ƙare: a matsa masa wuri, a daina tambayarsa komai. Ɗaya daga cikin su uku sai ya ji rauni gobe, jariri ko shi ko aska. Ya san wanda ya kamata ya zaɓa.

Ya tashi, ya kama askar da hannu biyu, ya buga bakinta a uwar maƙera. Ƙarar ba ta da yawa. Giɓi ya fita a tsakiya, irin wanda dutse ba ya gyarawa.

"Wagga ta girme ka," in ji Maiguwa, "kuma ba ta yi maka komi ba."

"Na sani."

A gida ya tarar da Delu tana surfen geron suna. Ta ajiye taɓarya. "Malam, ta yi?"

Ya miƙa mata. Ta buɗe, ta ga giɓin, ta girgiza kai.

"Kaico! Ashe ƙarfe ma tsufa yake. Sai a kira Nazir da lam ɗinsa. Abdulmajid za ya yi haƙuri, ai ba laifinka ba ne."

Ta ɗebo masa ruwa a kwano. Daga ɗaki jaririn ya fara kuka. Yaƙubu ya jira sai da ta juya ga turminta, sannan ya ajiye carbi, ya ɗauki kwanon da hannu biyu.