Geron da Ya Tsiro a Gidan Hajiya

Duk unguwarmu a Harobanda babu wanda bai yi mini dariya a kan tururuwata ba, in ban da Madina.

Ni malamar kimiyyar halittu ce, daga Tahoua aka turo ni Yamai. Shekarar da na zo, washegarin ruwan farko, na tsinci uwar tururuwa a bakin ƙofata, ta zubar da fukafukanta tana neman inda za ta haƙa. Na sa ta a ƴar kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, da niyyar in nuna wa ɗalibai in sake ta. Sai ta yi ƙwai, na kasa rabuwa da ita. Wani mai yanka gilashi a Kirkissoye ya haɗa mini akwati siriri, na cika shi da yashi da laka, na laƙaba mata Hajiya saboda ƙiba da ƙin fita. Damina bayan damina tana haihuwa, har gida ya zama gari: ɗakin ƙwai daban, rumbun hatsi daban, juji can a lungu. Sun fi wasu mutanen da na sani tsafta.

A makaranta ana kirana Madam mai kiwon da ba a layya da shi. Ina darawa tare da su, amma abin yana cina. Madina maƙwabciyata kaɗai take shigowa bayan la'asar, ta ja kujera gaban akwatin ta zauna tana kallonsu. Haifaffiyar Yamai ce, ta gama karatun jinya, ta sha zama jarrabawar ɗaukar ma'aikata tana faɗuwa. Kullum sai ta roƙe ni in bar ta ta zuba musu geron da hannunta. Ina ganin leɓenta na motsi in tana zubawa, na ɗauka mamakin ikon Allah take yi. Na ce a raina, to, yau na sami ƴar'uwa a garin nan.

Da aka kira ni cewa innata ba lafiya, ban yi dogon tunani ba, Madina na ba mabuɗi. Na ja mata kunne: gero busasshe, abin da yatsu biyu suka tsunkuno, ruwa kuma a auduga kawai, kada ɗigo ya taɓa yashi. Na gaya mata Hajiya kaɗai ke yin ƙwai, ran da ta mutu gidan ya mutu. Ta dafa ƙirji ta ce amana ce. Duk zaman jinyar da na yi, in na buga waya sai ta ce, "Hajiya lafiya lau, tana gaishe ki."

Warin ruma ne ya tare ni da na buɗe ɗaki. Akwatin na nan, an goge gilashin fes, amma a jikinsa daga ciki ga korayen tsirrai sun miƙe, gero ya tsiro. Yashin ya yi baƙi-baƙi. Tururuwa kam ga su nan birjik, sai dai ƙanana ne jajaye, suna ta gudu ba kan gado, ba nawa baƙaƙe masu manyan kai ba. Ban ko cire mayafi ba na ɗauko cokali na shiga tono. Can ƙasa na sami Hajiya a dunƙule, farar ruma ta lulluɓe ta.

Ina zaune a ƙasa da ita a tafin hannuna Madina ta yi sallama, da kwanon dambu, bakinta har kunne.

"Fofo, sannu da hanya, Hawwa! Albishirinki, na ci kwankur, jarrabawar ɗaukar aikin nan! Sunana ya fito!"

Na buɗe mata hannuna. Ta kalla, ta kawar da kai, ta ajiye kwanon a hankali.

"Me kika zuba musu?"

"Kala suru, ƙawata, ki yi haƙuri. Malamina ne. Tun bara ya ce in dinga sadakar gero a gidan tururuwa. Da kwankur ta matso sai ya ba ni rubutu, ya ce in jiƙa geron a ciki da sukari, in zuba da yawa."

"Tun bara," na ce.

"To wa zai je daji neman gidan tururuwa, ga shi a ɗakinki cikin inuwa?"

Nan na tuna kujerar, na tuna leɓen da ke motsi. Ashe duk la'asar ɗin nan ba wurina take zuwa ba. Ni na zaci na yi ƙawa, ita kuwa ta sami wurin sadaka kusa da gida. Na ji haushi, na ji kunya, kunyar ma ta fi, don har labarinta na ba innata a gadon asibiti.

"Waɗannan jajayen fa?"

"Da na ga naki sun mutu, ban so ranki ya ɓaci. Na je garkar kawuna a Goudel na tono miki wasu. Har sun fi na da yawa."

"Kina ce mini tana gaishe ni, alhali tana ruɓewa?"

"Haba Hawwa! Tururuwa ce fa. Duk ba ɗaya ba ne?"

Ta faɗe shi da ƴar dariya, irin dariyar ɗakin malamai sak. Da ma tana da ita, ɓoye ta ta yi muddin tana da buƙata. Da kuskure ne kawai, wallahi da na yafe kafin ta rufe baki, don kowa hannunsa na iya zarcewa. Ƙaryar wayar da wannan dariya su ne suka tsaya mini a wuya.

Na naɗe Hajiya a auduga. Jajayen nan ma an raba su da uwarsu, in ban mayar da su Goudel ba su ma mutuwa za su yi, don haka na tambaye ta daidai inda ta tono su. Ta kwatanta mini da murna, ta zaci magana ta wuce. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Damina ta kusa, ai za ki kama wata uwar. In ta hayayyafa ki sanar da ni. Ƙanwata Mariyam za ta zauna bak, jarrabawar gama sakandare, bana, malam ya ce ita ma ta fara."

Na miƙa mata hannu na ce ta ba ni mabuɗina. Ta daɗe tana kwance shi daga bakin zanenta, tana jiran in yi dariya.