Furfurar Gazali

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, muna saurare.

To ku bari in miƙe ƙafa tukuna. A Ƙofar Marke akwai wata dattijuwa, Hajjo, wadda aiki ya riƙe ɗanta na fari, Gazali, a Legas shekara da shekaru. Kun dai san mu da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ƙura masa ido, balle ta ce ta yi kewarsa. "Wancan na Legas" kawai take cewa.

Sai idon Hajjo ya fara yana. Zare ya daina shiga allura, fuskar mutum sai an matso. Ana haka ta ji an ce wancan ya fara furfura. Ta sa a ranta sai ta ga furfurar nan kafin idon ya rufe. Ba wanda ta gaya wa sai Atika, ƙanwar mijinta marigayi, wadda ita ta goyi Gazali.

Ta tafi Legas, ta dawo da jakunkuna niƙi-niƙi. Atika ta shigo barka da dawowa, ta tarar da ita ta tsoma ƙafafu cikin ruwan ɗumi, sun kumbura suntum.

"Matar Yaya, Legas kika je ko noma?"

"Bar ni, Atika. Yawo aka yi da ni kamar tallan goro."

Ashe Gazali tsari ya yi wa uwarsa. Ya ba da mota da direba, ya ce wa matarsa Khairiyya kada Inna ta wuni a ɗaki. Ran farko bakin teku.

"Ruwa ne ba iyaka, yana ta tahowa yana komawa, ya rasa abin da yake so. Yashi ya cinye mini takalmi. Wanshekare aka sa ni kwale-kwale, aka ɗaura mini wata riga mai ruwan lemo kamar mai sharar titi. Aka kai ni gidan tarihi, in kalli tukunya cikin gilashi. Irinta na nan bayan ɗakina, kaji na shan ruwa ciki."

Atika ta yi dariya har da tari. "Sai mi kuma?"

"Sai gidan tausa. Wata yarinya sa'ar jikata ta ce in tuɓe. Na ce ɗiyata, taɓa ƙafar dai, Allah shi yi miki albarka. Sannan kanti, mai matakalar da ke tafiya da kanta. Khairiyya na ta lodi, Inna ga wannan, Inna ga wancan. Yarinyar kirki, ita ma ta gaji."

"To furfurar fa? Kin gani?"

Hajjo ta motsa yatsu cikin ruwan.

"Kafin in fito ya tahi aiki. In ya dawo, gajiya ta kwantar da ni. Ran da zan taho ya durƙusa daga bakin ƙofa, da hula a kai, ya ce Inna an ji daɗin gari? Na ce awo."

"Ba ki ce ya matso ba?"

"Ni? Da wane bakin?"

Atika ba ta da wannan kunyar. Nan take ta zaro waya.

"Kai, Gazali, marar wayo! Ni na wanke maka kashi, don haka saurara. Ka nuna mata teku, ka nuna mata tukunya, kai ka ɓoye. Idonta na rufewa, ka sani?"

Hajjo ta juya baya tana cewa a kashe, a kashe, kuɗin waya na tafiya. Amma ba ta miƙa hannu ta karɓe ba.

Bai samu zuwa nan kusa ba, sai da damina ta wuce. Ya iso da la'asar, ya durƙusa nesa yadda ya saba. Atika ta tura shi har gefen tabarmar Hajjo, ta fizge hular.

"Zafi ake, mi kake da hula?"

Hajjo ta kau da kai tana dama fura. Ta dama, ta dama, furar da tuni ta damu. Ta wutsiyar ido take kallo, shi kuma ya sunkuyar da kai ya bar mata shi. Can ta tura ƙwaryar gaban Atika.

"Ki ba baƙonku. Ki ce masa furfurar gefen hagu ta fi yawa, irin ta ubansa."

Gazali ya kai ta asibiti aka yi mata aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi. Ya koma Legas, yana zuwa duk Sallah, da ya zauna kuma sai ya cire hula. Khairiyya na aiko da man zafi. Atika ta kwashe rabin tsarabar. Hajjo na nan Ƙofar Marke, ba ta sake zuwa teku ba, kuma har yau ba ta kira sunansa ba.