Babu Buta

Wata shida na yi a Fukuoka, wani birni na ƙasar Japan, ina kwas a kan injinan casar shinkafa. Da na dawo gidanmu na Kabara bakina bai huta ba. Duk wanda ya zo yi min sannu da zuwa sai ya sha labarin wuraren cin abincina. Akwai shagon da ake ɗora ɗanyen kifi a kan curin shinkafa, su kira shi sushi, da gidan burodin da ake cusa wa burodi wake mai zaƙi. Uwa-uba kuma shagon taliyar wata tsohuwa a bayan tashar jirgin ƙasa, inda kusan kullum nake cin abincin rana. Har ƙanwata Firdausi ta raɗa min suna Sarkin Taliya.

Mahaifinmu, Baba Malam, shekararsa saba'in da huɗu bai taɓa cin abincin kasuwa ba. Ko tsire aka kawo masa sai ya ji wanda ya yanka dabbar. Duk unguwa an san shi da wannan, mu kuwa tsoronsa tun a nono muka sha shi. Amma ni da rawar kai na nace sai ya ɗanɗana tsarabata, ƙunshin taliya da garin romo da na saya a wurin tsohuwar. Romon fari ne tas, don haka na rantse masa na kaza ne.

"Tunda ka rantse, a dafa," in ji shi.

Ranar Asabar bayan azahar Firdausi ta dafa, ta kai masa kwano zaure, ta dawo kicin. Ni kuwa ina tsaye a kanta ina ta zuba surutu.

"Tsohuwar nan akwai kirki," na ce. "Ranar farko da ta gan ni da hula da carbi, sai ta giciye hannuwanta tana ta cewa buta, buta. Wato haƙuri take ba ni, babu butar alwala a shagon. Na ce mata ba komai Iya, da alwalata."

"Yaya Mikail, a ina tsohuwar Japan ta ji Hausa?"

Wata shida wannan tambayar ba ta taɓa zuwa min ba.

Firdausi ta ɗauko ledar garin romon, ta haska rubutun da wayarta mai fassara. Ina kallo fuskarta ta sauya.

"Innalillahi! Yaya, buta a yarensu alade ne. Romon ƙashin alade ne wannan."

Ban ma tuna da nawa cikin ba, bakin Baba kawai nake gani. Shaiɗan ya raɗa min in ja bakina in yi shiru, ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Wallahi sai da na saurare shi, don tsoro ya gama cinye ni.

"In ba za ka je ba, ni zan je," in ji Firdausi.

Na nufi zaure, wanda daga kicin bai kai taku ashirin ba. Ina tafe ina roƙon Allah ya sa wani baƙo ya ɗauke masa hankali bai fara ci ba. Na same shi zaune a kan buzunsa, cokali a hannu, kwanon ya yi rabi.

"Mikail, ka yi gaskiya," ya ce yana murmushi. "Abin nan akwai daɗi."

Tun da nake ban taɓa jin ya yabi wani abu nawa ba sai ranar. Na zube a gabansa, na janye kwanon da hannu biyu, na faɗa masa komai. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa, ko mari, ko ya ce in bar masa gida.

Ya ajiye cokalin a hankali. Ya dube ni.

"Sau nawa matar ta faɗa maka?"

"Kullum, Baba, har mako guda. Daga baya ta gaji ta daina."

"Ita da ba ta sallah ta yi mako tana tsare maka addininka, kai kana yi mata dariya. Ni kuma rantsuwarka na ci."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Bai sake duban inda nake ba. Ya juya wajen ƙofa, inda Firdausi ke maƙale tana share hawaye.

"Firdausi," ya ce, "kawo min buta."