Kwano Ɗaya da Inna Hawwa

Ni dai ba aikin jinya ya kawo ni Alkahira ba, karatun hadisi na zo yi. Amma Anti Naomi, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, ta dame ni da waya har sai da na ɗaga.

"Ummukulthum, akwai wata tsohuwa a gidan tsofaffin da muke kai ziyara a unguwar Ma'adi. Hausa take yi, ta daina cin abinci, ni kuma ba ta sake da ni ba. Don Allah ki zo."

A lokacin zafin 2014 ne, ana ta ɗauke wuta. Na taso daga unguwar Madinat Nasr, na yi bas na yi jirgin ƙasa na metro, na isa a jiƙe sharkaf ina ƙunƙuni.

Gidan tsaf yake, ba zan yi musu ƙarya ba. Ƙarfen dafawa a kowane bango, tukunyar kashe gobara a kowane lungu, banɗaki ba santsi. Shugabar nas-nas ɗin, Madam Amna, wata 'yar Masar ce mai kauri, fuskar nan ba annuri. Kafin ma ta amsa sallamata sai da ta nuna min famfon wanke hannu. Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa tsabta?

Ita ta ba ni labarin. Sunan tsohuwar Inna Hawwa, cikin Hausawan Sudan take. Ɗanta ya kawo ta magani, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, shi kuma aiki ya riƙe shi a wata ƙasa. Ciwon ya tafi da Larabcinta kaf, ya bar mata Hausar ƙuruciya.

"Ba ta ci," in ji Madam Amna. "Likita ya ce in ba ta soma ci ba zuwa ƙarshen makon nan, za a zura mata robar abinci ta hanci. Kuma na san irinta, za ta fizge. In ta fizge, dole a ɗaure mata hannu. Ba na so."

Na sami Inna a ɗakin cin abinci, a kan kujera mai taya, an ɗaura mata ƙyalle a wuya kamar jaririya. Ga tsofaffi maza da mata a jere, ga wata nas riƙe da cokali a bakinta. Inna ta datse leɓe, ta kafe bango da ido. Ta rame har wuyanta ya yi rami.

Na durƙusa. "Inna, ina wuni?"

Wayyo! Nan take ta juyo ta kalle ni. Ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiya.

"'Yar nan, daga ina? Kin ci abinci?"

Ka ji fa. Ita da ke neman mutuwa da yunwa, ni take tambaya.

"Inna, ke me ya hana ki ci?"

Ta sassauta murya. "A gaban maza? A kan kujera? Ana kallon bakina? Ga yarinyar nan a tsaye kaina, na yi mata bismilla na gaji, ta ƙi. Ta yaya zan ci baƙuwa tana tsaye? Ni ba haka aka rene ni ba."

Na miƙe na juya wa Madam Amna maganar da Larabci, har da ƙari na kaina. Na ce a kai ta ɗakinta, a shimfiɗa mata tabarma, wani ya sa hannu su ci tare, shi ke nan.

"Ba zai yiwu ba," in ji ta.

"Saboda me?"

"Mai irin ciwonta sai a zaune da baya a miƙe, sai abinci mai laushi, sai a gaban nas. Kuma ma'aikaci ba ya taɓa abincin tsoho a gidan nan, ko loma."

Nan fa na hau. Na ce wannan ƙa'ida ce ko mugunta? Ku bar mace ta bushe don kar a ce kun saɓa doka? Na faɗi maganganu, har tsofaffin suka juyo suna kallona.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Ya binti, 'yata, a gidan da na fara aiki, wani dattijo ya ƙware da abinci shi kaɗai a ɗaki. Ni na same shi. A can kuma na ga ma'aikata suna cinye naman tsofaffi su bar musu romo. Da hannuna na kafa dokokin nan, kuma na san dalilin kowacce."

Amma taurin kaina bai mutu ba. Na ce, "To ni ba ma'aikaciya ba ce. Ni zan ci da ita."

Ta yarda. Sannan ta gindaya nata sharuɗɗan: mutum biyu za su sauke Inna ƙasa, a jingina ta da bango a tokare ta da matasai, abincin daga kicin ɗin gidan zai fito, ita kuma za ta zauna a bakin ƙofa.

Aka kawo shinkafa da aka tuƙa luɓus da miyar mulukiyya, lalon nan namu dai, da naman kaza da aka dagargaza a gefe guda. Na wanke wa Inna hannu, na wanke nawa. Ta dubi Madam Amna ta ce min, "Waccan fa?" Na ce ta ƙoshi. Ƙarya ce, Allah ya yafe min.

Inna ta sa yatsa ta turo naman gabana tukuna. Sai da na kai loma bakina sannan ta gutsura. Ta ci, ta ƙara. Ni hawaye ne kawai ke zubo min cikin miya.

Ana cikin haka ta ƙware. Tarin ya ƙi fita, idanunta suka firfito, ni kuwa na daskare, salati kawai nake. Kafin in ankara Madam Amna ta iso, ta sunkuyar da ita gaba tana bubbuga bayanta har abin ya fito. Ta share mata baki, ta gyara matashin, ta koma bakin ƙofa. Da ni kaɗai ce a ɗakin nan, ban san abin da zan faɗa wa ɗanta ba.

Da zan tafi na gaya wa Madam Amna gaskiya. Jarrabawa ta matso, ba zan iya zuwa kullum ba, sai dai Juma'a.

"Ita kuma kullum take bukatar ci," ta ce.

"To ya za a yi?"

"Ma'alish, ba komai, je ki yi karatunki."

Makon nan ban fahimci komai a littafi ba. Ina buɗe shafi sai in ga hannun Inna ɗaure da gado. Ban iya jiran Juma'a ba, ran Laraba da azahar na tsallake darasi na kama hanya. Na riga na shirya faɗan da zan yi in na tarar da roba a hancinta.

Na tura ƙofar ɗakin ba ko sallama.

Madam Amna ce a ƙasa, ta miƙe ƙafafu da kyar saboda gwiwa, ta naɗe hannun farar rigarta. Wata nas na zaune a bakin ƙofa, a inda ita ta zauna rannan. Kwano ɗaya ne a tsakaninsu da Inna. A gefe ga wata 'yar roba a buɗe, irin ta kai abinci wurin aiki.

Ta ga ina kallon robar, sai ta haɗe rai. "Kazata ce, daga gidana na dafo, a kicin ɗin nan aka dagargaza. Nawa nake zubawa a kan nata, abin da na kawo shi nake ci. Ban taɓa naman kowa ba."

Ban ce ta taɓa ba.

Inna ta tattara naman duka, nata da na Madam Amna, ta tura mata gaba. Madam Amna ta raba biyu ta mayar mata da rabi, ta buɗe baki da wata karkatacciyar Hausa da ban san inda ta tsinto ba.

"Ci, Inna."

"Ke ci tukuna," in ji Inna. Ta juyo gare ni tana girgiza kai. "'Yar nan, dubi baiwar Allahn nan. Wuni take tana hidima da mutane, ba mai ce mata ta zauna ta ci. In ban ci ba, ita ma ba ta ci. Wanke hannu ki zo, yunwa take ji."